Nan Gaba Kaɗan

Ruwa ya tsinke tun bayan isha'i, aka ɗauke wuta, kowa a gidan ya nemi makwancinsa. Ni kaɗai barci ya tsallake. Na juya dama, na juya hagu, na ja bargo har kunne, sanyin Agusta yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa yana laluben ƙafafuna. A kusurwar ɗaki rufi yana yoyo cikin roba, ɗis, ɗis. Matata Tabawa kuwa ta ba ni baya ta yi shiru, kamar ba ita ce ta kwanta da fushina ba.

Abin da ya hana ni barci ba ɓoyayye ba ne. Da asuba ɗana Abdulfatah, direban bas, yana so ya ɗauke ni da jikata Rahma zuwa wani ƙauye wai shi Tudun Maɗaci, can cikin ƙasar Bauchi, in zauna gaban mai garin in faɗa da bakina cewa a nan aka haifi ubana. Ban taɓa taka garin ba. Ubana ma bai taɓa ba, iyakar sanina. Amma in ban faɗa ba babu takarda, in babu takarda kuwa, ranar Juma'a makarantar koyon aikin jinya za ta rufe karɓa, Rahma da ta ci jarrabawa ta zauna gida tana tsintar shinkafa. Har na kwanta ban ce zan je ba, ban ce ba zan je ba.

Ni fa, Ishaku. Ku tambaya a nan Nasarawa Gwom, ku tambaya a Laranto, ku gangara har Bukuru in da sauran tsofaffi. Agana ta kama mu mu takwas a barikin kuza, aka binne bakwai, ni na tashi da zane a fuska kawai. Rami ya rufta da ni ina matashi, na kwana biyu a cikin ƙasa, da na fito abin da na fara tambaya shi ne wa ya cinye min tuwona. Mota ta ƙwace da mu a Hawan Kibo, ta yi alkafura uku, na fito ta taga da hulata a kai. Ban zauna a aji ba ko na wuni ɗaya, amma in injin jan ruwa na Turawa ya fara tari, injiniyan da ya yi karatu a Ingila ni yake aikowa a kira. In kara kunne, in ce a kwance nan. Nan ɗin kuwa ciwon yake. Irin wannan mutum ne yau takarda mai faɗin tafin hannu biyu ta hana shi runtsawa.

Ranar da Rahma ta fara zuwa da maganar, cewa ta yi, "Kaka, sun ce sai na kawo takardar indijin."

Ni kuwa injin na ji. Na gyara zama, na ce, "Injin me? Na dizal ko na fetur? Ai kin zo gidansa."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce ba injin ba, indijin, wato shaidar cewa mutum ɗan asalin wuri ne. Na ce wannan ai ta fi sauƙi, miƙo min sandata.

Dare yana da wani hali, ba ya barin tunani ya tafi a miƙe. Ina cikin wannan sai kukan kwaɗi a kwatar bayan gida ya kai ni Rayfield. Ramukan da muka haƙa da diga da shebur, muka kwashe ƙasarsu a ka, kwano bayan kwano, yanzu ruwa ya cika su, masu motoci suna zuwa da matansu ranar Lahadi suna ɗaukar hoto a baki. Wani ma na ji yana ce wa ɗansa dubi ikon Allah. Ikon Allah ne, ban musa ba, amma da wuyan Ishaku aka yi shi. Kuzar da muka wanke an ce gwangwani ake yi da ita. Ke nan duk gwangwanin madarar da aka fasa a Ingila a wancan zamanin akwai gumina a jikinsa. Ko su can sun taɓa tunanin wanda ya tono ta? Ina. Su sha shayi su jefar.

Kuma in ana maganar wanda ya san ƙasar nan, masu ba da takardar nan samanta suka sani. Ni cikinta na sani. Ja ce daga sama, sai fara mai santsi, sai baƙin yashi mai nauyi wanda shi ake nema. Na ci ta, ta shiga tsakanin haƙorana, ta toshe min hanci. Haƙoran ma saura nawa? Na bi su da harshe cikin duhu. Goma sha ɗaya, ɗaya yana girgiɗi.

Duk wannan masifa daga kalma uku ta fito.

Ubana Audu ya hau tudun nan na Jos yana saurayi, ƙafa a farfashe, da tabon igiya a idon sawu. Bai taɓa gaya mana daga ina ya gudo ba, mu kuma ba mu tambaya ba, don wanda ya ga tabon ya riga ya ji amsa. Da ya shiga layin masu neman aikin kuza, akawun da ke rubuta sunaye mutumin kudu ne, Hausarsa ba ta wuce ta sayen gyaɗa ba. Ya ce masa, "Wane gari?" Ubana yana tsoron in ya faɗi sunan gari a aika a zo a kama shi, sai ya ɗaga hannu ya nuna iska, ya ce, "Nan gaba kaɗan." Duk wanda ya taɓa tafiyar ƙasa ya san nan gaba kaɗan, ita ce amsar da ake ba matafiyi ya yi ta tafiya har rana ta faɗi. Akawu bai sani ba. Ya duƙa ya rubuta a kati, garin asali, Gabakadan. Lebura suka ji, suka fashe da dariya, suna ya kama. Har yau in kana neman gidan nan, gidan Gaba-kaɗan za ka ce, ko yaron goye ya nuna maka.

Muna alfahari da sunan nan, ku sani. Sau ɗaya ubana ya taɓa yi min magana a kai, muna wanke kuza a rafi, bai ko dube ni ba. Ya ce, "Ni ba na kowa ba ne. Kai ma kada ka yarda a ce kai na wani wuri ne. Inda aka binne cibiyarka, nan ne naka." Cibiyata kuwa a bayan bukkar bariki aka binne ta, shekarar da fara ta cinye gero. Na je na duba wurin bara. Katangar wani babban ma'aikaci ce a kai, da waya mai ƙaya, da kare.

Robar yoyon ta kusa cika, sautin ya canja. Na ce bari in tashi in zubar, na kasa raba jikina da bargo.

Makon jiya na ɗauki katin nan na ubana, yana naɗe cikin fata tun wancan zamanin, na nemi abokina Pam ya raka ni ofishin da ake ba da takardar. Pam Birom ne, a bariki ɗaya muka tashi, tare muka yi lebura. A gaban mutane nakan ce ni na tono kaina daga ramin nan. Yanzu dare ne, ba mai ji: Pam ne ya tono ni, da hannunsa, har farcensa biyu suka cire. Tun rikicin da aka yi shekara biyar da suka wuce shi ba ya shigowa unguwarmu, ni ba na shiga tasu. A bakin titi muka haɗu kamar masu cinikin kayan sata. Ya tsufa, yana jan ƙafa ɗaya. Na gaya masa. Ya ce ni ma in nemi madubi.

A ofishin wani yaro muka samu, mai ɗaurin wuya, wayar hannu tana gefensa yana ta leƙa ta. Bai yi mana rashin kunya ba, gaskiya ɗaya ce, har kujera ya ba mu. Ya buɗe katin a hankali, ya karanta.

"Baba, ai ga shi a rubuce. Garin asali, Gabakadan. Can za ku je su ba ku."

Na ce, "Yaro, babu garin nan."

"Wace jiha yake?"

"Na ce maka babu shi. Magana ce. Nan gaba kaɗan. Ba ka jin Hausa ne?"

"Ina ji, Baba. Amma ni abin da ke takarda nake bi."

Pam ya matso da kujerarsa. "Yarona, ka ji. Mutumin nan, ni da shi wuri ɗaya aka haife mu. Lokacin da mamana ya yi ciwo, maman shi ne ya ba ni nono. Yarinyan nan kuma na san baban shi tun yana rarrafe."

Yaron ya juya harshe zuwa yarensu, ya yi magana mai tsawo, murya ƙasa-ƙasa, cikin ladabi. Pam ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Da muka fito na ce me ya ce.

"Ya ce ba haihuwa ake tambaya ba. Ya ce in ya sa hannu, aikin shi ne zai tafi."

"Kai kuma ka ce me?"

"Me zan ce, Ishaku? Ba ni na yi dokan ba."

Ya saya mana gasasshiyar masara, muka tsaya muna gaigaya da sauran haƙoranmu. Ya tare min acaɓa, ya riƙe min sanda har na hau. Ban ji haushin Pam ba. Ƙarya nake, na ji. Ba don ya yi laifi ba, sai don shi in ya koma gida zai yi barci.

Can nesa 'yan sintiri suka busa usur, wani ya amsa daga wani lungu. A da a garin nan wa yake sintiri? Livinus mai kayan gyaran mota, da yake haya a ɗakin ƙofar gidan nan shekara goma sha tara, har makullinsa yake bar wa Tabawa in zai tafi garinsu Kirsimeti. Bayan rikici ya kwashe ya koma wata unguwa. Shi ma baƙo ake ce masa, amma shi yana da inda za a kai gawarsa, ya ma gina bene a can, na ga hoton. Bambancina da shi ke nan. Shi baƙo ne mai gida. Ni baƙon da ba a san daga inda ya zo ba, ba a kuma san ranar tafiyarsa ba.

Sai tunanin da nake gudu ya iso. Ɗana na fari, uban Rahma. Yana raye ban taɓa kiran sunansa ba, kunyar ɗan fari, sai dai in ce kai, ko wannan yaron. Mahdi. Yanzu na iya faɗa tunda ba ya ji. Tela ne. Ranar Juma'ar da garin ya kama da wuta ya ce bari ya je ya rufe shago ya dawo. Ruwan wankan da matarsa ta ɗora masa har ya ƙone a tukunya. Mun bi asibitoci, mun bi inda aka jera mutane, ba mu gan shi ba. An ce an binne da yawa a rami ɗaya. Ƙasar ta karɓe shi ba ta nemi takarda ba. 'Yarsa ce za ta koyi ɗaure ciwo, ita ce sai ta kawo shaida.

Na yi tsaki.

"Malam," in ji Tabawa, ba ta juyo ba, "in ba za ka yi barci ba, ka bar gadon ya huta."

"Ashe idonki biyu."

"Ina zan yi barci kana ta tsaki kamar tsaka a bango? Za ka je ko ba za ka je ba?"

"So kike in je in yi ƙarya da furfurata."

"Yau ka fara?"

"Ke Tabawa, ki iya bakinki."

"Kwana biyu a rami. Ina amarya aka yi abin nan, ni na kai maka kunu. Da hantsi ƙasa ta rufta, kafin la'asar an fito da kai, kana kuka kana kiran uwarka."

"Wanda ke cikin rami shi ya san tsawon lokaci."

"Motar Hawan Kibo kuma a kwata ta kwanta, kamar jaki ya gaji. Alkafura uku. Bara biyu ce, bana ta zama uku."

"Wannan hira ce. Hira daban, shaida gaban mutane daban."

Ta juyo. Ban ga fuskarta ba, amma na ji numfashinta kusa.

"Shekara hamsin kana ƙarya don a ce kai jarumi ne, ban taɓa tona ka a waje ba. Ka yi guda ɗaya don yarinyar nan. Da ta uwa ake bi, da tuni na kai ta Zariya, dangina suna nan har gobe. Sun ce uba ake bi. To kai ne uban da ya rage."

"Ubana ya ce kada in yarda."

"Ubanka ya ce nan gaba kaɗan don ya tsira da wuyansa. Shi ma ƙaryar ya yi, Allah Ya ji ƙansa. Kai ne ka mayar da ita sarauta."

Na juya mata baya. Ba don ba ni da abin faɗa ba. Mace in ta fara magana cikin dare, mai hankali yakan bar ta ta ƙare. Ta ja bargon duka ta koma gefenta, ta bar ni da sanyi.

Na sauka, na laluba takalmi da tocila, na ɗauki robar yoyon na fita. Ruwan ya tsagaita, sai yayyafi. Da na zubar zan koma, na hangi haske a ɗakin girki. Na leƙa. Rahma ce durƙushe kan tabarma, kyandir a gefe, tana goge babbar rigata ta salla da dutsen guga na gawayi.

Na ce, "Amarya, aljanu kike yi wa guga da tsakar dare?"

"Tsoho ɗaya nake yi wa, ya fi aljanu rigima."

"Wa ya ce miki zan sa ta?"

"Ko ba za ka sa ba, ai ta yamutse." Ta hura gawayin, ta ci gaba. Ba ta ɗago ba ta ce, "Kaka, na ji ku da Iya. In abin zai dame ka, a bar shi. Keken Baba yana nan, mai kawai yake so. Zan koyi ɗinki. Ba kowa ne zai yi boko ba, kai ma ga ka nan."

Da kuka ta yi da ya fi min sauƙi. Na iya da kuka. Amma ta faɗe shi ne a sanyaye, kamar mai cewa gishiri ya ƙare, tana bin wuyan rigar da dutsen guga. Keken nan tun ranar da muka ɗauko shi daga shagon da ya ƙone rabi yake rufe da zani a bayan ƙofa, ba wanda ya taɓa shi. Na hango ta a kansa, shekara goma, shekara ashirin, tana yi wa 'ya'yan wasu ɗinkin fararen kayan asibiti.

Na ce, "Ni kike ce wa abu zai dame ni? Ni da rami ya haɗiye ya kasa narkarwa? Wani mai garin ƙauye ne zai hana ni barci?"

"To me ya hana ka?"

"Sauro."

"A wannan sanyin?"

"Ke dai ba ki da kunya. Ina abin da baffanki ya rubuta?"

Ta ajiye dutsen, ta ciro wata 'yar takarda daga ƙullin zaninta. Abdulfatah ne ya rubuto abin da aka shirya zan faɗa, don ya saba da mai garin, yakan ɗauko masa kaya daga Jos. Na jawo turmi na kifa na zauna. Ta matso da kyandir.

"Sunan mahaifinka?"

"Wannan ma sai an rubuta min? Audu."

"Sunan kakanka?"

Shekara saba'in da biyar ban san sunan kakana ba.

"Jatau," in ji ta.

"Jatau. Ko baƙi ne, oho."

"Kaka, ka bari. Unguwarku?"

"Nasarawa Gwom."

"A'a. Gindin Rimi, yamma da kasuwa. Sana'ar gidanku?"

"Kuza."

"Ƙira. Maƙera ne ku."

"To, da sauƙi. Na ɗauka za su ba ni wanzanci."

Muka yi ta maimaitawa har sau biyar, tana tambaya ina amsawa, in na kuskure ta buga min ƙafa da mafici. Haka na zauna a kan turmi, jikata tana koya min asalina daga bayan takardar sayen taya. Kyandir ya kusa ƙarewa ladan ya yi kiran farko.

Abdulfatah ya iso bayan salla, ya durƙusa ya gaishe ni, yana satar kallon rigar da ke jikina. Bai tambaya ba, na gode masa. Katin ubana na mayar cikin fatarsa na tura ƙarƙashin katifa. Hanya ban ga komai ba sai sojoji a shinge da duwatsu suna raguwa, har ƙasa ta miƙe ta zama fili, zafi ya fara shiga rigar.

Mai garin Tudun Maɗaci sa'an Abdulfatah ne, mai fara'a. Ya sa aka shimfiɗa min buzu, aka kawo fura. Dattawa uku suna zaune a matsayin shaidu.

Ya ce, "Baba, ka gafarce mu, ƙa'ida ce. A ina aka haifi mahaifinka?"

Na dubi Rahma. Tana can bakin zaure, kanta a ƙasa, tana murza bakin mayafi.

Na ce, "A nan. Gindin Rimi, yamma da kasuwa. Audu ɗan Jatau maƙeri."

Muryata ba ta yi rawa ba, wannan kam ku rubuta. Aka kawo tawada na dangwala yatsa. Na ɗauka an gama.

Sai ɗaya daga cikin dattawan, wani tsoho da ya girme ni, ido ɗaya ya yi fari, ya zabura. Ashe shi ba a gaya masa shiri ba ne, an dai kira shi ya cika shaidu. Ya rarrafo ya kama hannuna da hannu biyu.

"Audu na Jatau? Wanda ya tafi kuza bai dawo ba? Ƙanen ubana ne. Kakarmu har ta rasu tana ajiye masa tuwo. Allahu akbar. Ashe ya haihu. Ashe ya bar baya."

Mai gari ya dubi Abdulfatah, Abdulfatah ya dubi ƙasa. Sunayen da suka ba ni ashe ba daga iska suka ɗauko su ba, na wani gida ne da aka san ɗansu ya ɓace, don maganar ta zauna. Wane ƙauye ne ba shi da Audun da ya tafi kuza bai dawo ba? Tsohon yana shafa fuskata yana cewa ga hancin gidansu nan, ga goshin. Ya tambaye ni ko Audu yana ambatonsu. Na ce kullum. Ya tambaya ko ya sha wuya kafin ya cika. Na ce a'a, cikin barci ya tafi.

Bai bar ni ba sai da ya ja ni maƙabarta, yana dogara sanda ina dogara tawa. Ya nuna min wani tudun ƙasa da ya kusa shafewa, da fasasshiyar tukunya a kai, ya ce ga Jatau nan, gaya masa ka dawo. Na tsuguna, rigar salla tana jan ƙasa. Na ɗaga hannu na yi wa mutumin addu'a, ko wane ne shi, na roƙa masa gafara, na roƙar wa kaina. Tsohon yana ta amin yana share hawaye da hularsa.

Da wasiƙar mai gari muka wuce sakatariya. Kafin la'asar takarda ta fito, da hatimi, da hoton Rahma a kusurwa. Shekara saba'in da biyar a Jos ban samu ba, wuni ɗaya a garin da ban san hanyar masallacinsa ba na samu. Rahma ta sa ta cikin leda, ta sa ledar cikin littafi, ta rungume littafin har gida. Tsohon kuwa ya sa an ɗora mana buhun gero rabi da zabi biyu a bayan mota, ya ce in salla ta zo zai aiko jikokinsa su ga gida, su san 'yan'uwansu. Na ce Allah Ya kawo su.

Mun shigo Nasarawa Gwom ana kiran magariba, yayyafi ya dawo. Tabawa tana bakin murhu. Ta dubi Rahma, ta dubi littafin, ta dubi zabin da Abdulfatah ya shigo da su ɗaure da ƙafa. Sannan ta kawo min ruwa a kofi, ta durƙusa kamar yadda ake yi wa wanda ya dawo daga tafiya.

"Sannu da hanya, Malam. Ya ka baro mutanen gida?"

Na karɓi ruwan na sha.

Na ce, "Lafiya lau. Suna gaishe ki."